Tukunyar matsi ta lantarki: wata bakwai ina yabonta, dare ɗaya ta ba ni kunya gaban baƙi

Wata bakwai ke nan da na sayi tukunyar matsi ta lantarki mai cin lita 6. Da a watan farko aka ce in rubuta ra'ayina a kanta, babu abin da za a karanta sai yabo daga sama har ƙasa. Ni mai son tara ƙawaye ce a gida mu ci abinci tare. Cin abinci a waje ba ya ƙosar da ni, domin hira na fara daɗi sai ka ga ma'aikaci yana zagaya teburin yana jiran ku tashi wasu su zauna. A gida kuwa babu mai korar kowa. Abin da ke hana ni gayyatar mutane yadda nake so shi ne lokaci. Sai yamma lis nake dawowa daga aiki, nama mai jijiya da ƙashi kuma ba ya jin gaggawa.

Ranar da na fara gwada ta, naman ƙwaurin saniya na zuba, irin wanda kan ci mini kusan awa uku a kan wuta. Na saita minti 40. Da na buɗe murfin na taɓa shi da cokali, sai kawai ya rabu da ƙashin, romon ya yi kauri har yana kama leɓe. Na tsaya a kicin ni kaɗai ina ta murmushi. Dalilin saurin ba ɓoyayye ba ne. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar da ka hura masa, tururin ne kawai zai yi ta tserewa. Idan aka kulle tururin ya rasa hanyar fita, matsin ciki yana ƙaruwa, ruwan kuma sai ya haura digiri 100 kafin ya tafasa. Irin ta kan murhu tana kaiwa wajen digiri 120, ta lantarki tana ɗan gazawa da kaɗan. Wannan ƙarin zafin shi ke narkar da jijiya cikin ɗan lokaci. Wake ma haka, ya nuna lugub ba tare da na tsaya gadinsa ba. Na yi ta ba mutane labari, har yayata ta sayi tata saboda ni.

To, sai ranar da na gayyaci mutum bakwai cin abincin dare. Ƙawayena ne tun na makaranta, uku daga cikinsu da mazajensu, kuma mun fi shekara ba mu haɗu gaba ɗaya ba. Na ce musu ƙarfe bakwai da rabi abinci zai sauka. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa saboda na dogara da tukunyar. Naman rago na shirya da miyar tumatir mai kauri, shinkafa kuma tana gefe a wata tukunyar. Na soya naman a cikinta har ya yi ja, na zuba albasa, na juye markaɗen tumatir da na gwangwani, na gauraya sosai yadda na saba, na kulle murfi. Sai na fita falo tarbar mutane.

Ba a yi minti goma ba na ji ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba. Na shiga na tarar allon ya nuna gargaɗin ƙonewa, ta yanke wutar da kanta, ɗan maɓallin ƙarfen da ke tashi idan matsi ya kama kuma yana nan kwance bai motsa ba. Na kashe, na buɗe, na juya, na mayar da murfi. Bayan minti takwas ta sake. Na ƙara ruwa rabin kofi, na sake kullewa, ta sake a karo na uku. Lokacin takwas ta wuce, ina jin dariyarsu daga falo, ni kuma zufa ta jiƙa mini wuya, hannuna har rawa yake. Da na sa ludayi na kankari gindin tukunyar, sai ga wani baƙin ɓawo mai faɗin tafin hannu ya taso, warin ƙauri ya riga ya ratsa miyar.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta leƙo ta ce, "Ƙawata, lafiya kuwa? Mun ji ki shiru." Ban iya ba ta amsa ba, tukunyar kawai na nuna mata. Ba ta ce komai ba, ta naɗe hannun rigarta, muka tsame naman ɗaya bayan ɗaya, muka kwashe saman miyar da bai taɓa ƙasa ba muka zuba a babbar tukunyata ta da, muka ɗora a kan gas. Sai wajen goma saura muka zauna cin abinci. Naman bai yi laushin da na yi musu alkawari ba, ƙaurin kuma yana nan a bayan harshe duk da kowa ya ce ya yi daɗi. Mutum biyu sun tafi da wuri saboda sun bar yara a gida, ko shayi ba su tsaya sha ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Muna jiran naman ne mijin ɗaya daga cikinsu, malamin kimiyya, ya riƙe hirar da tarihin tukunyar. Ya ce wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙirƙiro ta a 1679, kuma shi ya sa mata bawul ɗin da ke sakin tururi don kada ta fashe. A 1682 har liyafa aka shirya wa masanan Royal Society, wata ƙungiyar masana kimiyya a Landan, da abincin da aka dafa a cikinta, ƙashi ya yi laushi ana ci. Na ji daɗin yadda ya ɗauke hankalin mutane daga agogo, Allah ya saka masa da alheri, amma ni a ranar zuciyata tana kicin.

Washegari na zauna na bi littafin da ya zo da ita shafi-shafi. Sai can kusa da ƙarshe, cikin ƙananan rubutu, na ga layi biyu a kan miya mai kauri. Ashe wutarta daga ƙasa kawai take zuwa, akwai kuma na'urar auna zafi a gindin. Tumatir mai kauri yana kwantawa ƙasa, zaƙin da ke cikinsa ya kama ƙarfe, ruwan da zai zama tururi bai isa ba, gindin ya yi zafi fiye da kima, sai ta yanke wuta. Abin da ya kamata shi ne bayan suya a zuba ruwa ko romo kamar kofi guda a kankare duk abin da ya manne, a mayar da nama, sannan a zuba tumatirin a sama kada a gauraya. Wallahi wannan bayani a shafin farko ya kamata ya zauna da manyan baƙaƙe. Wane gida ne ba a miyar tumatir? Sun cika gaban littafin da hotunan maɓallai goma sha wani abu waɗanda har yau uku kawai nake taɓawa.

Tunda raina ya ɓaci, sai sauran abubuwan da nake kawar da kai a kansu suka dawo mini. Minti 40 ɗin da ake tallatawa ba minti 40 ba ne. Agogonta ba ya fara ƙirga sai matsi ya kama, idan kuwa tukunyar ta cika da nama mai sanyi daga firji, wannan kaɗai zai ci minti 20. Bayan ta gama kuma nama yana son a bar matsin ya sauka da kansa, wani minti 15 ko fiye. Ka ga an haura awa guda. Har yanzu ya fi jiran awa uku sauƙi, ban musa ba, amma wanda zai gayyaci mutane ya san lissafin gaskiya. Lita 6 ɗin ma ba duka ake cikawa ba, kashi biyu cikin uku ne iyaka, wake da duk abin da ke kumfa kuwa rabi, don kada kumfar ta toshe bawul. Abincin mutum takwas da ƙyar yake shiga.

Sai robar murfin. Tana shan ƙamshin duk abin da aka dafa ta riƙe. Na taɓa dafa shinkafa da madara da sukari don yara, ta fito tana warin tafarnuwa da albasar jiya. Na wanke, na jiƙa a ruwan khal, na shanya a rana, warin ya ragu amma bai tafi ba. Dole na sayi roba ta biyu na ware ta don kayan zaƙi.

Sati biyu ban taɓa ta ba, tana saman kabad. Ranar da na dawo a gajiye ga wake a jiƙe, na sauko da ita, kuma ta yi aikinta tsaf kamar ba ita ba. Na sake gwada miyar nan ta naman rago yadda littafin ya ce, tumatir a sama ba gaurayawa, ta fito lafiya lau, naman yana zamewa daga ƙashi. Na kira yayata na karanta mata layi biyun nan kafin ita ma ta faɗa ramin.

Na sake gayyatar mutum bakwai ɗin nan ƙarshen wata. Naman zan dafa shi a tukunyar matsin tun daren jajibiri in sa a firji, miyar kuma a buɗaɗɗiyar tukunya zan yi ta a kan gas, inda idona zai riƙa ganin ta ina juyawa.