Kymriah, maganin kansar jini da ya fito a kan dala 475,000: ra'ayina

Jama'a yau Kymriah zan duba muku, na kamfanin Novartis, wanda ake ta maganar yana kashe kansar jini. Tun farko ku sani ba ƙwaya ba ce, ba sirop ba ne da za ka shiga kemis ka ce a ba ka. Jinin mara lafiyan ake ɗiba a tace fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, wato sojojin garkuwar jiki, a daskarar da su a tura masana'anta, can a sauya musu ƙwayar halitta yadda za su riƙa gane wata alama mai suna CD19 a jikin ƙwayoyin kansar, a hayayyafa su, bayan sati uku zuwa huɗu a dawo da su cikin 'yar leda a ɗaura masa kamar ƙarin ruwa. Sau ɗaya tak. Kuma na wani ba ya yi wa wani.

Wanda ya fi cancantar jinjina a nan gaskiya ba kamfanin ba ne, Farfesa Carl June ne na Jami'ar Pennsylvania a Amurka. An haife shi 1953, likitan sojan ruwa ne da farko, ya daɗe yana bincike kan ƙwayoyin T da cutar ƙanjamau kafin ya koma Pennsylvania a 1999. Abin mamaki ƙwayar ƙanjamau ɗin ce ma aka cire mata dafi ake amfani da ita wajen shigar da sabon umarnin cikin ƙwayoyin T. Ba shi ya fara kawo dabarar ba, Zelig Eshhar ya riga shi tun 1989 a Isra'ila, akwai kuma Michel Sadelain a New York, amma June na cikin waɗanda suka nace har abin ya yi aiki a jikin mutum. Matarsa ta rasu da kansar ƙwan mahaifa a 2001, bai watsar ba. A 2010 kuɗin da ke hannun shi da tawagarsa na mutum uku ne kacal, suka gwada, biyu cutar ta ɓace musu ɓat, kuma shekara 10 bayan nan an duba jinin ɗayansu an tarar ƙwayoyin suna nan da ransu suna sintiri.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Emily Whitehead, 'yar shekara 6, yarinya ta farko da aka yi wa a 2012 a asibitin yara na Philadelphia. Zazzaɓi ya rufe ta, jini ya sauka, har an fara fidda rai, da aka auna sai aka ga wani sinadari IL-6 ya yi mugun hawa a jininta, shi kuma June ya san maganin da ke danne shi, tocilizumab, saboda 'yarsa na fama da amosanin gaɓɓai na yara, ya san magungunan wannan ɓangaren sosai. Aka ba ta, ta farfaɗo. Ikon Allah. Yanzu ta zama budurwa har ta shiga jami'a.

Toh aiki dai yana yi. A gwajin da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta duba kafin ta amince da shi a Agustan 2017, kashi 83 cikin 100 na yara da matasa 63 cutar ta lafa musu cikin wata uku, kuma fa waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu ne. A nan tauraro biyar na ba shi ba ja.

Amma kada a ruɗe ku. Ba kowace kansar jini yake yi wa ba, sai mai alaƙa da ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu ɗauke da alamar CD19 ɗin nan. Wasu cutar kan dawo musu. Wancan zazzaɓin na Emily da yawa suna yin sa, wasu har da ruɗewar kai, dole sai asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman a kusa. Sannan sojojin nan ba sa bambance ƙwayoyin B masu lafiya da masu cuta, duk share su suke, sai mutum ya koma ana yi masa ƙarin garkuwa lokaci-lokaci. A 2024 ma FDA ta sa an ƙara gargaɗi a kan duk irin waɗannan magunguna cewa akwai yiwuwar wata kansar ta ɓullo daga baya, ko da yake ba kasafai ba.

Sai kuɗi, nan ne raina ke ɓaci wallahi. Dala 475,000 aka sa masa da ya fito, ban da kuɗin gado da na likitoci, alhali tushen binciken a jami'a aka yi shi da tallafin masu ba da gudummawa. Ka juya wannan zuwa naira ko sefa ka ji kanka ya sara. Tauraro ɗaya na ba farashin, shi ma don dole. Indiya ta amince da nata a 2023, NexCAR19, da cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata suka haɗa hannu a kai, kuɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na na Amurka ne, duk da haka ba na talaka ba ne amma dai ya nuna abin zai iya sauka. Mai mara lafiya ya fara zama da likitan jini tukuna a tantance wace iri ce, don kansar jini ta yara da yawa kemo, wato magungunan kansa na yau da kullum, ma yana maganinta in an kama da wuri.