Steam Deck a zafin Yamai: abin da na gani bayan shekara guda

Wani dare na watan Afrilu ina cikin faɗa da wani dodo a wasan The Witcher 3, sai fankar ɗakina ta fara rage gudu har ta tsaya cik. An ɗauke kuran. Unguwarmu ta Lazare ta yi ɗif, ba ka jin komai sai kukan injin maƙwabta yana ƙoƙarin tashi. Da tsohuwar kwamfutata ta tebur ce, da allo ya yi baƙi, da wahalar awa guda ta bi ruwa. Wannan karon tabarma kawai na naɗe na fita tsakar gida, na zauna inda iska ke ɗan kaɗawa, na ƙarasa faɗana. A daren nan na yarda kuɗina bai tafi a banza ba.

Steam Deck kwamfutar wasa ce ta hannu, ƙirar kamfanin Valve na Amurka, masu shagon wasanni na Steam. Ta farko ta fito a Fabrairun 2022, mai allon OLED kuma, wadda ita ce tawa, ta fito a Nuwamban 2023. Kamfanin ba ya sayar da ita kai tsaye a ƙasashenmu, saboda haka yayana da ke aiki a Faransa na roƙa ya sayo mini. Mai ma'ajiyar giga 512 a lokacin yuro 569 ce, wato wajen jika 373 na sefa. Kuɗi ne masu ciwo. Sai da na jira ɗaukata ta adashin wurin aiki, na sayar da tsohuwar kwamfutar na cika, kuma har ranar da ta iso ina tambayar kaina ko babur na hannu ya kamata in saya.

Ta fi yadda take a hoto girma. Nauyinta giram 640 ne, in ka kwanta rigingine ka ɗaga ta sama, kafin minti talatin damatsanka za su gaya maka. A zaune kuwa riƙonta ya fi na kowane manet (abin da ake riƙewa a sarrafa wasa) da na taɓa riƙewa daɗi. Allon inci 7.4 ne, kuma da dare babu abin da ya kai shi kyau: baƙinsa baƙi ne na gaske, wutar tocila a cikin kogo sai ka ga kamar za ta haska maka yatsu. Da rana tsaka a waje kuwa sai ka nemi inuwa.

Amma abin da ya sa na ƙaunace ta ba allon ba ne, lissafin wuta ne. Mu da muka taso muna wasa a Yamai mun san cewa kuran ne mai gidan. Duk wanda ya zauna a garin nan daga Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, ya san yadda shagunan wasa suka riƙa zama shiru, yara na zaune a bakin ƙofa da manet a cinya suna jira. PlayStation 5 tana shan wajen wat 200 in ana wasa, ban da talabijin. Ita wannan, ƙwaƙwalwarta da AMD suka ƙera ba ta wuce wat 15, na'urar duka kuma da allo da fanka ba ta cika haura ashirin da ƴan kai ba. Batirinta na ɗaukar wat-awa 50. Lissafin mai sauƙi ne: in wasa na jan wat 22 ko 23, awa biyu da ɗan abu ke gare ka; in yana jan 6 ko 7, sai ka wuce awa bakwai.

Daɗin abin shi ne kai ke riƙe da linzamin. Akwai wani maɓalli mai ɗigo uku a hannun dama, in ka danna shi sai saituna su fito a gefe ba tare da ka fita daga wasa ba. Nan za ka ƙayyade hotuna nawa za ta zana a daƙiƙa, ka kuma ƙayyade wat nawa ƙwaƙwalwar za ta sha. Watan farko ban kula da su ba, na bar komai a buɗe, batir na ƙarewa kamar ruwan randa mai tsaga. Da na zauna na koya, sai na ga The Witcher 3 a hotuna 30 cikin daƙiƙa, da wat 9 ko 10, yana tafiya sumul ya kuma ƙara mini fiye da awa guda. Hades kuwa, wanda ba shi da nauyi, ina barinsa a 45 ko 60 in yi ta bugawa daga bayan isha'i har barci ya ɗauke ni ba tare da na nemi caja ba. Tana riƙe saitin kowane wasa daban, ba sai ka sake gyarawa kullum ba. Na fi mako biyu ina buɗe ma'aunin da ke nuna wat da zafi a kusurwar allo, ina rage wannan ina ƙara wancan, kuma gaskiya na ji daɗin wannan binciken kamar yadda nake jin daɗin wasan kansa.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin da ya kamata ɗan Nijar ya tambaya kafin ya saya. Valve da kansu sun bayyana a 2022, lokacin da Turai ta sha wani zafi mai tsanani, cewa na'urar ta fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35. In ƙwaƙwalwarta ta kai 100 takan rage ƙarfinta don ta kare kanta, in ta kai 105 ta kashe kanta. To mu a Afrilu da Mayu digiri 40 abincin yau da gobe ne, ɗakin kwano kuma da azahar ya fi haka. Ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, amma na ga ma'aunin ya haura 90 wata rana da na matsa mata da wasa mai nauyi wajen ƙarfe uku na rana tana kan caji, fankarta na huci kamar murhun maƙera. Tun ranar na canza ɗabi'a. A bazara ba na buga manyan wasanni sai bayan magariba, ba na haɗa caji da wasa mai nauyi, kuma ba na ɗora ta kan katifa, domin ta baya take shaƙar iska ta fitar ta sama. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. In na gama sai cikin jakarta, kowane mako ina share ramukan iskar da busasshen buroshi mai laushi.

Kuɗin da ban lissafa ba tun farko shi ne na intanet. Wasannin zamanin nan ba su san akwai mai sayen forfe da giga-giga ba. Red Dead Redemption 2 na neman wajen giga 150 a ma'ajiya, Baldur's Gate 3 ma haka. The Witcher 3 ya fi su sauƙi, amma shi ma dare uku na yi ina sauke shi da forfen dare, waya na gefe tana raba intanet tana zafi. Bayan ka sauke kuma ba ka huta ba, ƙananan sabuntawa na zuwa kusan kullum, wasu na wasan, wasu kuma fayilolin da ke taimaka wa zanen hoto ne. Ana iya kashe na biyun a saiti, na kuma kashe su a watannin da aljihu ya yi sanyi. Abin da ya cece ni shi ne wani abokina na Harobanda mai kwamfutar wasa da intanet na gida. In mun haɗa na'urorinmu a wifi ɗaya, Steam na kwafo wasan da na riga na saya daga tasa zuwa tawa kai tsaye. Ranar Asabar sai in haye gadar Kennedy da katin microSD a aljihu, mu sha shayi, wasa na shiga.

Tana da yanayin aiki ba intanet, kuma yawancin wasannina suna tashi lafiya a haka. Kaɗan ne ke dagewa sai sun leƙa gidan kamfaninsu kafin su buɗe, saboda haka kafin tafiya nakan kunna kowanne sau ɗaya in tabbatar. Saye kuma da katin banki na loda-ka-kashe nake yi, ina jiran ragin farashi na ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. In ka sayi wasa bai yi maka ba, muddin ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma ba a cika kwana 14 ba, ana mayar maka da kuɗinka. Na gwada sau biyu, an mayar.

Ranar da na fara kai ta fadarmu, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Akwai ƙwallo?" Amsar ita ce abin da ya fi muhimmanci ga yawancin matasanmu, don haka a ji ta da kyau. Manhajar da ke tafiyar da ita, SteamOS, a kan Linux aka gina ta, kuma wani tsani mai suna Proton ne ke sa wasannin Windows su yi aiki a kanta. Dubban wasanni na tafiya ta wannan hanyar, amma waɗanda ke da tsarin hana maguɗi mai shiga can cikin manhaja ba sa tashi. Wasan ƙwallo na EA Sports FC na cikinsu, Fortnite ma haka. Shagon Steam na saka alama a kan wasanni, kore ga wanda aka tabbatar, rawaya ga wanda ke tafiya da ɗan gyara, sai kuma wanda ba ya aiki, don haka ana iya dubawa kafin a biya. Ana iya ɗora mata Windows a buga ƙwallon, wasu na yi. Ni na ƙi, saboda zan rasa sauƙin saitin wutar nan da na gama yabo. Abin da na yi shi ne na sayi ƙaramin mahaɗi na USB-C mai HDMI, muka jona ta da talabijin, muka haɗa manet biyu na PlayStation 4 ta Bluetooth, muka koma Tekken 7 da Mortal Kombat 11. An yi ihu, an yi gardama, shayi ya huce a kan gawayi. Duk da haka wanda burinsa gasar ƙwallo da abokai kowane dare, tsohuwar PlayStation 4 ta fi masa amfani, ta kuma fi arha nesa ba kusa ba. Steam Deck ta mai son doguwar tatsuniya ce, wanda zai zauna shi kaɗai ya bi labari na awa hamsin.

Da babbar salla na tafi da ita gida Tawa. Tafiyar ta fi kilomita 500, ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, kuma a nan na ga amfanin wani abu ƙarami: in ka danna maɓallin wuta sau ɗaya sai ta yi barci da wasan a buɗe. A tsaya salla ko binciken takardu, ka danna ka sa a jaka. A tashi, ka danna, cikin daƙiƙa biyu kana inda ka tsaya. Wanda zai sayi batirin ajiya saboda irin wannan tafiya ya nemi mai bada wat 45 ta USB-C, irin ƙarfin cajarta. Ƙananan da muke cajin waya da su ba sa riƙe ta in ana wasa.

A gida Inna ta juya ta a hannu ta ce, "Wanga abu duk na wasa ne?" Na ce mata har aiki yana yi, kuma gaskiya na faɗa: in ka juya ta zuwa yanayin tebur ka haɗa allon rubutu, kwamfuta ce sosai, na sha rubuta takardun aiki a kanta. Ƙanwata mai shekara goma sha biyu ce ta ƙwace ta. Na buɗe mata Stardew Valley da Faransanci, wasan noma wanda bai kai giga ɗaya ba. Ta nemi irin gero a shagon garin ba ta samu ba, ta shuka masara da tumatir da barkono, tana tashi da safe ta ce bari ta ba gonarta ruwa. Kwana huɗu sau uku kawai muka sa ta a caji. Na yi mamakin yadda take karanta dogayen maganganun mutanen wasan ba tare da an matsa mata ba, ita da sai an yi da gaske take buɗe littafin lakkal.

Damuwata ta gaba ita ce gyara. Masu gyaran waya na Babbar Kasuwa gwanaye ne, amma kayan wannan ba sa cikin akwatunansu, garanti kuma na nufin a mayar da ita Turai. Sauƙin abin shi ne an ƙera ta yadda za a iya buɗewa: sukurori ne a baya, ma'ajiyarta ƙaramin SSD ne mai lamba 2230 da ake iya canzawa, kuma kamfanin kayan gyara na iFixit na sayar da sandunan manet da fanka da batir na asali. Batirin ne na fi ji wa tsoro a wannan zafi namu, shi ya sa na kunna saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 in ina gida. Yayana zai zo hutu a watan Disamba, na riga na tura masa saƙo ya taho mini da fanka guda da sanduna biyu, in ajiye kafin bazara ta dawo.