Hasashen Ambaliya na NIHSA: Amfaninsa da Iyakarsa ga Masu Tsara Birnin Abuja

Kowace shekara, gab da faɗuwar damina, Hukumar Kula da Koguna ta Najeriya, wato NIHSA, takan tara jami'ai da 'yan jarida a Abuja ta gabatar da hasashenta na ambaliyar ruwa. Washegari jaridu da gidajen rediyo sukan ɗauki manyan alƙaluman, su ce jihohi kaza da ƙananan hukumomi kaza suna cikin haɗari, daga nan kuma zancen ya lafa har sai ruwa ya ci wani gari. Na daɗe ina bibiyar wannan rahoto, kasancewar ina cikin kwamitin mazauna wani rukunin gidaje da ke kan hanyar filin jirgin sama, inda batun magudanan ruwa ba ya taɓa fita daga ajandar taronmu. A ganina ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna kowace hidima da ake yi wa jama'a da kuɗinsu, a ga abin da yake bayarwa da kuma inda ƙarfinsa yake ƙarewa, musamman ga wanda aikinsa shi ne yanke shawarar inda za a yi gini da inda za a bar wa ruwa hanya.

Dokar da ta kafa hukumar ta 2010 ce, amma abin da ya haifi rahoton shi ne ambaliyar 2012, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum 363 ta kuma raba sama da mutum miliyan 2 da muhallansu. A 2013 aka fitar da hasashe na farko, kuma tun daga lokacin ba a fasa ba. Wannan ɗorewar kaɗai abin yabo ce a ƙasar da shirye-shirye da dama suke mutuwa tare da gwamnatin da ta ƙirƙiro su.

Yadda ake haɗa hasashen shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa yake dacewa a wani wuri ya kuma gaza a wani. Tushensa hasashen damina ne da Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon shekara, wanda yake faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da yawan da za a samu, bisa la'akari da abubuwa irin su ɗumi ko sanyin saman tekun Fasifik. Ana ɗaukar wannan a zuba shi cikin manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tafiyar ruwa a bayan ƙasa, irin su SWAT da GeoSFM, waɗanda hukumomin Amurka suka ƙirƙiro, tare da bayanan tudu da kwari, da irin ƙasar wuri, da abin da ya lulluɓe ta, daji ne ko gona ko gine-gine. Manhajar takan rarraba ƙasa gwargwadon kogin da ruwan kowane yanki yake gangarawa, sa'an nan ta lissafa nawa ƙasa za ta shanye, nawa rana za ta ƙafar, nawa kuma zai kwaranya zuwa kogi. Daga bisani ana gwada sakamakon da ainihin ma'aunin da tashoshin bakin kogi suka rubuta a shekarun baya, a gyara lissafin har ya yi kusa da abin da ya faru. Ke nan ingancin abin da zai fito ya rataya ne a kan ingancin abin da aka zuba, kuma kogin da aka daɗe ana auna shi ya fi samun adalci a hannun manhaja fiye da rafin da ba a taɓa kafa masa sandar awo ba.

Saboda haka ne rahoton ya fi ƙarfi a kan manyan koguna, wato Neja da Binuwai da rassansu. Ruwan waɗannan koguna yana tafiya ne a hankali, yana ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya iso mahaɗarsu a Lokoja, inda tsayinsa ya kai mita 12.84 a ƙarshen Satumban 2012, ya kuma zarce mita 13 a Oktoban 2022. Hasashen 2022 ya sanya ƙananan hukumomi 233 a jihohi 32 da Babban Birnin Tarayya cikin babban haɗari tun watanni kafin ruwan ya zo, kuma da ya zo ya kashe sama da mutum 600. Mazauna Abuja ba za su manta da wannan shekara ba, ko da ruwan bai shiga ɗakunansu ba, domin da ya shafe hanyar Lokoja tankokin mai sun maƙale a can, layukan mai suka dawo gidajen mai na birnin. Duk jami'in da ya karanta rahoton wannan shekarar da idon basira ya samu isasshen lokacin da zai tanadi sansanoni, ya adana abinci da magani, ya kuma yi tunanin wata hanyar shigo da kaya. Abin da aka yi ko aka kasa yi da gargaɗin, wannan ba laifin lissafi ba ne.

Haka kuma rahoton yana kasa shekara gida uku, daga Afrilu zuwa Yuni, daga Yuli zuwa Satumba, sai Oktoba da Nuwamba, abin da ke taimaka wa mai tsara kasafi ya san lokacin da ya kamata a ce an gama yashe magudanai. An kuma samu ci gaba a 2025, lokacin da aka sauko daga ambaton ƙananan hukumomi kawai zuwa ambaton garuruwa da ƙauyuka, aka ce wurare 1,249 a ƙananan hukumomi 176 suna cikin babban haɗari. Wannan sauyi ya fi yadda yake a ido muhimmanci. A ce wa mutum ƙaramar hukumar Birni da Kewaye ta Abuja tana cikin haɗari bai ƙara masa komai ba, tun da a cikinta ne Maitama da Asokoro suke a kan tuddansu, a cikinta ne kuma Lugbe da Lokogoma suke da rafukansu.

Sai dai ko da wannan gyaran, ambaliyar Abuja ba irin ta Lokoja ba ce. Tamu ba ta yin sallama. Hadari yana haɗuwa da la'asar ko cikin dare, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na awa biyu, ƙananan rafukan da yaro yake tsallakawa da rani su cika su batse, kafin gari ya waye kuma ruwan ya janye ya bar laka a falo. Haka aka sha gani a shataletalen Galadimawa da Lokogoma, haka kuma aka gani a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023, inda ruwa ya shanye gidaje da motoci har hukumomin birnin suka ayyana wurin a matsayin yankin da bala'i ya auka wa. Hasashen da aka gina a kan jimillar ruwan watanni uku ba zai iya faɗin daren da za a yi irin wannan ruwa ba, balle titin da zai bi.

Akwai wata kwalbati a bakin rukunin gidajenmu da ta nuna mini wannan a fili. Bututu biyu ne na kankare, faɗin kowanne bai wuce mita ɗaya ba, kuma a farkon damina rabin bakinsu yashi ne da ledar fiya-wata da robobin lemo. A jikin katangar da ke gefenta akwai zane-zanen laka har hawa uku, kowanne yana nuna inda ruwa ya tsaya a wata shekara, na sama ya kai ƙirjin babban mutum. Bayanan tudu da kwari da ake samu kyauta daga tauraron ɗan Adam galibi suna ɗaukar fili mai faɗin mita 30 a matsayin ɗigo guda, saboda haka wannan kwalbati, wadda ita ce take yanke hukuncin ko ruwa zai wuce ko zai koma cikin gidaje, ba ta ma bayyana a cikinsu.

A wani taron kwamitinmu shugaba ya ɗaga shafin rahoton ya ce wa wani dattijon injiniya mai ritaya da ke cikinmu, “Baba Injiniya, tun da sunan unguwarmu bai fito ba, ashe bana za mu iya ɗage aikin yasar rafi mu sayi taransifoma?” Dattijon ya ce, “Ranka ya daɗe, rahoton bai ce babu haɗari a nan ba, bai hango mu ba ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.” Aka yashe rafin. Na kawo wannan ne domin shi ne kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa ga mai amfani da irin wannan hidima, wato ya ɗauki rashin ambato a matsayin takardar wanke kai, kuma babban jami'i ma yana iya faɗawa cikinsa kamar yadda shugaban kwamitin unguwa ya kusa yi.

Babban abin da nake so masu tsara manufofi su rarrabe shi ne cewa hasashen shekara guda kayan aikin shirin gaggawa ne, tsara gari kuwa yana buƙatar wani lissafin dabam. Gidan da aka ba izinin ginawa yau zai kai shekara 30 ko 50 a tsaye, don haka tambayar da ta dace ba ita ce ko ruwa zai zo bana ba, tambayar ita ce sau nawa ruwa zai iya kaiwa wannan fegi a tsawon rayuwar ginin. Injiniyoyi suna amsa wannan da taswirar da ke nuna iyakar abin da suke kira ambaliyar shekara 100, wadda ba ta nufin sai bayan ƙarni za ta dawo, tana nufin yiwuwar aukuwarta kashi 1 ne cikin 100 a kowace shekara. In aka tara wannan a shekara 30, yiwuwar ta kai kusan kashi 26 cikin 100, ke nan fiye da ɗaya cikin huɗu. Irin wannan taswira tana buƙatar awon ƙasa na kusa, da girman kowace gada da kwalbati, da kuma sabunta lissafi duk lokacin da aka shafe wani sabon fili da kankare ko tayil, domin ƙasar da a da take shanye ruwa yanzu tura shi take yi gidan maƙwabci.

Abin takaicin shi ne Abuja ba ta rasa tushen da za a ɗora wannan aiki a kai ba. Babbar taswirar birnin ta 1979 ta bar kwarurrukan rafuka a matsayin filayen shaƙatawa da bishiyoyi, wanda hakan da kansa shawara ce ta kare muhalli tun kafin manhajojin yau su yaɗu. Akwai hukumar AGIS da aka kafa a 2003 domin adana bayanan filaye a kwamfuta, akwai kuma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Da za a ɗora taswirar haɗarin ambaliya a kan taswirar filaye, ta yadda babu fegin da zai samu izinin gini sai an ga matsayinsa a kanta, da an rage yawan rusau da ake yi bayan mutane sun riga sun zuba dukiyarsu. Rahoton NIHSA zai iya nuna yankunan da ya kamata a fara da su, amma ba zai maye gurbin wannan aiki ba, kuma a iya fahimtata bai yi da'awar hakan ba.

Wani gefen da manhajar ruwan sama ba ta gani shi ne lafiyar madatsu. Tana iya lissafa yawan ruwan da zai shiga tafki, amma ba ta san ko bango ya tsage ba. Ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri, ta nuna cewa duba gine-ginen da ido aiki ne mai zaman kansa. Haka batun madatsar Lagdo ta Kamaru da ke kan kogin Binuwai, wadda sakin ruwanta shawara ce ta mutane a wata ƙasa, ga kuma madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda ake so ta riƙa tare wannan ruwa, da aka shafe shekaru ana maganarta ba a gina ba.

Ta fuskar sauƙin amfani, rahoton na jama'a ne kuma ba a biyan kuɗi kafin a karanta shi, amma harshensa na ƙwararru ne, kuma manomin fadama a Kwali ko Abaji, wanda kogin Gurara ya fi shafa kai tsaye, sai dai ya ji gutsurensa a rediyo. NiMet tana fassara nata hasashen zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, kuma wannan hanya ce da ta dace a faɗaɗa ta ga duk wani gargaɗin ambaliya. Wanda yake da waya mai intanet yana iya haɗawa da Flood Hub na Google, wanda yake ba da hasashen cikar koguna har na kwana bakwai gaba, ko da yake shi ma a kan koguna ƙarfinsa yake.

Ga ma'aikatan agajin gaggawa da masu kula da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da kuma gwamnatocin jihohin bakin kogi, ina ganin wannan rahoto wajibi ne a karanta shi tun daga ranar da ya fito. Ga mai ba da izinin gini a Abuja ko mai shirin sayen fili a Lugbe kuwa, mafari ne kawai, sai ya nemi injiniya ya auna wurin, ya kuma tambayi tsofaffin mazauna inda ruwa yake tsayawa. Gyaran da na fi so in gani shi ne a sa sakamakon hasashen bara a gaba-gaba ranar gabatar da na bana, a faɗi wurare nawa aka ambata ruwa ya ci su, nawa aka ambata bai ci ba, nawa kuma ya ci alhali ba a ambace su ba. Wannan adadi na uku shi ne zai nuna rafukan da suke buƙatar a kafa musu sandar awo kafin wata daminar.