LiteFlow: Yadda na daina warware manhaja duk lokacin rabon taki

Ni mai rubuta manhaja ne a Argungu, kuma aikin da ya fi cin raina shi ne na wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke ba mambobinta bashin iri da taki. Ƙa'idojinsu ba sa zama wuri ɗaya. Na damina daban, na rani daban. Shugaban ƙungiyar zai shigo, ya aje hularsa kan tebur, ya ce, "Ɗana, bana duk wanda bai gama biyan bashin rani ba, buhu ɗaya kawai za a ba shi." In ce, "To Baba." Daga nan sai in kwana ina tonon sharuɗɗan da suka hau kan juna cikin Java, yaren da nake rubuta manhajar da shi, in gyara nan, can ya ɓalle.

Da farko na gwada Drools, wata manhajar sarrafa ƙa'idoji da ta samo asali daga Rete, dabarar tantance sharuɗɗa da Charles Forgy ya wallafa a 1982. Inji ne mai ƙarfi, amma ya yi wa aikinmu girma, kamar a ɗauko tirela don kai buhu biyar kasuwa.

LiteFlow kuwa, wanda na koma gare shi, shi ma injin sarrafa ƙa'idoji ne na Java. Kyauta ne, ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, daga ƙungiyar masu manhaja ta Dromara a ƙasar Sin. Tsarinsa shi ne kowane ƙaramin aiki ka mai da shi tubali mai zaman kansa: ɗaya ya duba rajista, ɗaya ya duba tsohon bashi, ɗaya girman gona a fadama, ɗaya ya ƙididdige rabo. Sannan ka jera su a layi guda, a wajen manhajar:

THEN(rajista, WHEN(bashi, gona), rabo)

THEN na nufin bi da bi, WHEN kuma a yi su lokaci guda. Akwai IF da SWITCH don zaɓar hanyar da za a bi bisa sharaɗi. Na aje wannan layin a rumbun bayanai, manhajar na leƙawa tana ɗaukar sabon jeri ba tare da an kashe ta ba. Ranar da Baba ya dawo ya ce a sassauta wa waɗanda ambaliya ta cinye wa gona, tubali ɗaya na rubuta, na sa shi kafin rabo. Ina karanta masa layin da Hausa, yana bi da yatsa a allon kwamfuta, ya ce, "Haka ne, haka muka yanke a taro." Wannan ne ya fi faranta min rai, domin dukiyar mutane ce, kuma mai ita ya ga yadda ake raba ta.

Sai dai a kula da WHEN. Tubalan duk daga ƙwarya ɗaya suke ci, wato jakar bayanai guda suke rubutawa a ciki. Idan biyu suka taɓa abu ɗaya lokaci guda, lissafi zai kauce. Na gamu da haka a gwaji, sai na ware wa kowane tubali nasa gurbin.

Mafi yawan tattaunawar masu amfani da LiteFlow da Sinanci ake yi, don haka da na'urar fassara nake bi. Kuma idan sharuɗɗanka uku ne da ba sa sauyawa, ba ka buƙatarsa. Namu yanzu sun kai goma sha huɗu, rabon rani kuma na nan tafe.