Na'urar auna zurfin ruwa, wacce za ka saya in aikinka a dam ɗin Tiga ne ko na Challawa a jihar Kano?

Duk na'urorin nan hanyar aikinsu ɗaya ce da ta jirgin sojan ruwan Najeriya NNS Lana, wanda aka ƙera a Faransa ya iso Legas a 2021 yana zana taswirar ƙasan teku. Na'ura za ta cilla sauti ƙasa, ya daki ƙasan ruwa ya dawo, ta lissafa lokacin da ya ɗauka tunda sauti a ruwa yana gudun wajen mita 1500 a sakan. To amma fa kowacce da inda ta dace.

Irin ta Lana ita ce maltibim, mai share fili da faɗi lokaci guda kamar mafici. Dan Allah ka cire ranka a kanta, ba ta aiki sai da na'urar da ke gyara tangal-tangal ɗin jirgi da ta auna gudun sauti da ƙwararren da zai tace bayanan, in kwangila ta buƙace ta hayar masu ita ake yi.

Safiyo ko ɗalibin BUK mai bincike kan dam, singil bim ce taka. Waje ɗaya take aunawa a ƙarƙashin kwale-kwale, kai kuma ka dinga bin layi kana kai da kawowa. Nan nake so a nutsu, Tiga tun 1974 take tara laka, kuma mai 200 kHz kaɗai (kHz ma'aunin kaifin sautin da take cillawa ne) saman laka take gani ta dawo, sai mai sauti iri biyu wadda ke da na ƙasa kamar 33 kHz ce ke ratsa laka mai taushi ta taɓo ƙasa mai tauri, tazarar da ke tsakani ita ce za ta nuna maka kaurin lakar. Gaskiya ta fi tsada amma in laka kake nema ba makawa. Ka tabbatar tana haɗuwa da GPS tana kuma ajiye bayanai, in ba haka ba lambobi kawai za ka kalla su wuce.

Masunta kuwa Garmin Striker 4 ta wadatar, batir mai bolt 12 take ci, za ta nuna kifi da kututturen da ke yaga koma har ka sa alama a wajen. Sai dai ba ta zana taswira, Striker Plus ce ke yi.

Deeper, ƴar ƙwallon da ake jefawa ta haɗu da wayar salula, ta kududdufi ce da tafkin kiwon kifi.

In ta hannu za ka saya, wato wadda aka yi amfani da ita, kar ka biya sai ka ga kan da ake nutsawa a ruwa da wayarsa ba a yi mata ɗori ba, sannan ka gwada ta da igiya mai dutse a inda ka san zurfinsa.