Littafin almara guda za ki saya? Ga yadda zan zaɓa

Ƙanwata ta kira ni daga Daura, ɗanta ya shiga sakandare kuma ya kamu da son labaran aljanu da jarumai. Ta ce, "Yaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni, wanne zan saya masa?"

Na ce mata ta fara duba Iliya Ɗan Maikarfi na Ahmadu Ingawa. Gajere ne, Hausarsa sassauƙa, labarin kuma ba ya kwana-kwana: gurgun yaro ya warke, ya sami ƙarfi, ya fita fagen fama. Ko yaron da bai saba dogon karatu ba, zai cinye shi a kwana biyu.

Amma ni zuciyata tana kan Ruwan Bagaja. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta shi don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, aka buga shi a 1934. Tafiyar neman ruwan magani ce har ƙasar aljanu, sai dai abin da ke riƙe mai karatu shi ne kokawar wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wannan ya yi wa wancan tsiya a wani gari, wancan ya rama a gari na gaba. Na sha karanta wa yara shi bayan sallar isha, ban taɓa ganin wanda ya yi gyangyaɗi ba. Siriri ne kuma, don haka kuɗinsa bai kai na manyan littattafai ba.

Gandoki na yayan Abubakar Imam, Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ma 1934 ya fito. Da yaƙin Turawa yake farawa kafin ya faɗa duniyar aljanu, kuma cike yake da kirari. Babba zai fi jin daɗinsa.

Magana Jari Ce littafi uku ne. In aljihu bai kai ba, a ɗauki na ɗaya, inda aku ke ɗauke hankalin Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita. Kowane labari yana ƙarewa a zama guda, sauran biyun sa iya jira.

Inda nake jan kunnen mutane shi ne littattafan yaƙi na zamani, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Suna da jan rai ƙwarai, amma kashi-kashi suke fitowa. Kafin ki biya, tambayi mai shago ko yana da su har na ƙarshe, don ba abin da ke ɓata wa yaro rai kamar a bar jarumi a bakin kogo babu ci gaba.

Mai son na Turanci ya fara da The Hobbit na Tolkien, na 1937, tunda littafi ɗaya ne cikakke. The Lord of the Rings sai Turanci ya nuna.

Sai kuma bugu. A kasuwa akwai na ainihi, akwai na satar fasaha. Na ce mata ta buɗe tsakiya ta ga ko tawada ta koɗe, ta bi lambobin shafi kada wasu su yi tsalle, ta ɗan ja bango ta ji ƙarfin ɗinkin. Tsofaffin littattafan Hausan nan kamfanin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya ke buga su, a duba sunansa.

Ruwan Bagaja ta saya masa. Bayan mako guda yaron ya karɓi wayarta ya ce, "Kawu, na gama. Wai Malam Zurƙe yana cikin wani littafin kuma?"