Müller ko Schmidt: wane suna ya fi yawa a Jamus?

Sunayen biyu daga sana'a suka fito. Müller mai niƙan hatsi ne, asalin kalmar daga Latin. Schmidt kuwa maƙeri. Idan rubutu ɗaya za a ƙirga, Müller ne kan gaba, Schmidt na biye. Amma nan masu lissafi ke tuntuɓe: sunan maƙeri ya rarrabu, akwai Schmitt, da Schmid a kudu, da Schmitz a yankin kogin Rhine. In aka haɗa su duka, sun zarce Müller. Shi ma yana da ɗan'uwa, Möller, a arewa.

Mai binciken asalin dangi ya kula: inda babu ɗigo biyun nan na ü, Mueller ake rubutawa, a Amurka ma wasu sun koma Miller.